Tarin shiƙa: yadda yake kamu da yadda ake rigakafinsa

Tarin shiƙa, wanda a wasu wuraren ake kira tarin lala, cuta ce mai saurin yaɗuwa da ke kama hanyoyin numfashi.

Yana kama babba da yaro, amma waɗanda ya fi hallakawa su ne jariran da ba su kai wata uku da haihuwa ba, wato waɗanda ko dai ba a soma yi musu allurar rigakafi ba, ko kuma ba a kammala ba.

Wani ƙiyasi da masana suka wallafa a shekarar 2017 ya nuna cewa a shekarar 2014 kaɗai, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 24 ne suka kamu da cutar a duniya, kuma kimanin 160,000 daga cikinsu suka rasu. Fiye da rabin waɗanda suka rasun a nahiyar Afirka suke.

Sai dai adadin da ƙasashe ke kai wa Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, bai ko kama ƙafar wannan ba. A shekarar 2018, alal misali, mutum 151,000 da 'yan kai ne aka ba da rahoton sun kamu. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu ita ce babbar matsalar tarin shiƙa: yana yawo cikin jama'a ba tare da an kira shi da sunansa ba.

Abin da ke haddasa shi

Wata ƙwayar cuta ce ta bakteriya mai suna Bordetella pertussis ke haddasa tarin shiƙa. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Beljiyam, Jules Bordet da Octave Gengou, su ne suka fara ware ta a ɗakin gwaje-gwaje a shekarar 1906, kuma daga sunan Bordet ne ta samo nata.

Ita cutar kanta ta daɗe kafin nan. Wani likita Bafaranshe, Guillaume de Baillou, ya rubuta bayanin annobarta da ta auka wa birnin Paris a shekarar 1578.

Ƙwayar cutar ba ta zama a jikin dabba, ko a ruwa, ko a abinci. A jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, kuma tana tashi daga wani zuwa wani ne ta feshin tari da atishawa.

Saurin yaɗuwarta ya kusa kai na ƙyanda. A inda jama'a ba su da garkuwa, mutum guda na iya harbin mutum 12 zuwa 17. Idan kuwa ta shiga gida, takan kama kimanin takwas cikin goma na mazauna gidan da ba su da kariya.

A bangon hanyoyin numfashi akwai wasu ƙananan gasusuwa da ido ba ya gani, waɗanda aikinsu shi ne share majina da ƙura zuwa sama, a haɗiye ko a tofar. Ƙwayar cutar kan manne a jikin waɗannan gasusuwa, ta riƙa fitar da dafin da ke sa su daina motsi, daga bisani ya lalata su.

Da zarar masu sharar sun tsaya, sai kaki mai kauri da yauƙi ya taru, jiki kuma ba shi da wata dabarar fitar da shi sai tari. Wannan ne ya sa tarin ke ci gaba makonni bayan ƙwayar cutar ta mutu, domin sai an jira bangon ya warke.

Yadda ciwon ke tafiya

Daga ranar da mutum ya shaƙi ƙwayar cutar zuwa ranar da alamu za su bayyana, yawanci akan ɗauki kwana 7 zuwa 10, ko da yake yakan kai mako uku.

Da farko ba a bambanta shi da mura. Hanci na zubar da majina, ga atishawa, ga ɗan tari sama-sama, zazzaɓi kuma kaɗan ne ko ma babu. Haka za a yi mako ɗaya zuwa biyu.

Abin takaicin shi ne a wannan lokacin ne mai ciwon ya fi harbin jama'a, kuma a lokacin ne magani ya fi yi masa amfani, amma ba wanda zai kawo tarin shiƙa a ransa. Yaro na zuwa makaranta, uwa na zuwa biki, kowa na cewa sanyi ne.

Daga nan sai tarin ya sauya kama. Yakan taso ne a jere, sau goma ko fiye, cikin numfashi guda, ba tare da yaron ya sami damar shaƙar iska ba. Fuska ta yi ja ko ta yi duhu, idanu su firfito, harshe ya zazzalo, hawaye da yawu na zuba.

Idan tarin ya sake shi, sai ya ja iska da ƙarfi ta maƙogwaron da ya tsuke, a ji wata ƙara mai kama da carar zakara. Wannan ƙarar ce aka san cutar da ita. Sau da yawa amai ke biyo baya.

Tarin ya fi tashi da dare. Cin abinci, ko kuka, ko hayaƙin murhu, ko ƙura na iya tayar da shi. Tsakanin tashi da tashi kuwa, yaron na iya zama garau yana wasa, abin da kan sa a kai shi asibiti likita ya duba bai ga komai ba. Saboda haka ne a yanzu wasu likitoci ke shawartar iyaye su ɗauki bidiyon tarin da wayar salula su je da shi.

Wannan mataki kan ɗauki mako ɗaya zuwa shida, wani lokaci har goma. Bayansa tarin kan riƙa raguwa sannu a hankali, amma ko 'yar mura yaron ya yi a watannin da ke biye, sai ya sake tasowa kamar an koma farko. Mutanen ƙasar Sin na kiran cutar tarin kwana ɗari, kuma duk wanda ya yi jinyarta ya san ba su yi ƙari ba.

Jarirai

Duk wannan bayani ya fi dacewa da yaron da ya ɗan tasa. Ga sabon jariri lamarin daban ne.

Jariri ba shi da ƙarfin ƙirjin da zai ja iska har a ji waccan ƙarar. Wani ma ba ya tarin sam. Abin da uwa za ta gani shi ne numfashinsa ya ɗauke na wasu daƙiƙoƙi, leɓɓansa da harshensa su yi duhu, jikinsa ya saki, sannan ya dawo. Ko kuma ya riƙa shiɗewa a kan nono, ya ƙi kamawa.

A gidaje da dama irin wannan akan danganta shi da iska ko wani abin daban, a nufi wajen mai magani, alhali asibiti ya kamata a nufa cikin gaggawa, ko da tsakar dare ne.

Alƙaluman cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, sun nuna cewa kimanin ɗaya cikin uku na jarirai 'yan ƙasa da shekara guda da suka kamu sai an kwantar da su a asibiti. Cikin waɗanda aka kwantar, kimanin biyu cikin uku na fama da ɗaukewar numfashi, ɗaya cikin biyar na samun ciwon huhu, ɗaya cikin ɗari kuma na rasuwa.

Wannan fa a ƙasar da ke da iskar oksijin da na'urorin taimakon numfashi a kusa ke nan.

A wasu jariran, dafin ƙwayar cutar kan sa fararen ƙwayoyin jini su yi yawan da ya wuce kima, har su cushe ƙananan jijiyoyin huhu, zuciya ta kasa tura jini. Wannan shi ne nau'in cutar mafi muni, kuma ko a manyan asibitoci yana da wuyar sha'ani. Ƙarancin iska a lokacin tari kuma na iya jawo jijjiga, ko ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma wata illar da ba a cika lissafawa ba, ita ce rama. Yaron da duk abin da ya ci sai ya amayar har tsawon makonni, dole jikinsa ya zube. Likitan nan ɗan Birtaniya, David Morley, wanda ya bi diddigin lafiyar ɗaruruwan yara a garin Imesi-Ile na ƙasar Yarabawa daga ƙarshen shekarun 1950, ya lura cewa tarin shiƙa na kama yara tun suna ƙanana ƙwarai, kuma yana cikin cututtukan da ke jefa su cikin tamowa. Ya wallafa sakamakon tare da abokan aikinsa a shekarar 1966.

To daga ina jaririn da bai taɓa fita ƙofar gida ba yake samun cutar? Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa mafi yawa daga cikin gida ne: uwa, ko uba, ko yayye, ko kakanni.

Dalili kuwa shi ne garkuwar tarin shiƙa ba ta dawwama. Wanda ya taɓa yin ciwon na samun kariyar shekara 4 zuwa 20, wanda aka yi wa allura kuma kimanin shekara 4 zuwa 12. Bayan nan yana iya sake kamuwa, sai dai ciwon kan zo masa da sauƙi, a matsayin tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, babu wata ƙara. Ba kuma kullum yake zuwa da sauƙin ba, domin akwai manyan da ƙarfin tarin ke karya wa haƙarƙari, ko ya sa su suma, ko fitsari ya riƙa kuɓuce musu.

A ƙasar Hausa, makon farko na rayuwar jariri shi ne lokacin da ya fi shan hannu. 'Yan barka na shigowa, ranar suna ɗaki ya cika maƙil, kowa na so ya ɗauka ya sa albarka. Ba wanda zai ce a daina zumunci, amma mai tari ko mura, ko da kakar jaririn ce, ya fi alheri ta yi barkarta daga nesa.

Ganowa da magani

Ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke amfani da shi wajen zargin cutar shi ne tarin da ya kai mako biyu, tare da ɗaya daga cikin alamu uku: tasowa a jere, ko ƙarar jan numfashi, ko amai bayan tari. Ga jariri kuwa ɗaukewar numfashi kaɗai ta isa a yi zargi.

Tabbatarwa na buƙatar a ɗebo majina daga can ƙuryar hanci a kai ɗakin gwaje-gwaje, kuma irin wannan gwaji bai wadata ba a yawancin ƙasashen Afirka. Shi ya sa yara da yawa ke rasuwa a rubuta ciwon huhu kawai.

Ana maganin cutar da magungunan kashe bakteriya irin su azithromycin da erythromycin, bisa umarnin likita. Idan an soma da wuri suna rage tsananin ciwon. Idan tarin ya riga ya kankama, ba sa tsayar da shi, amma suna hana mai ciwon harbin wasu: bayan kwana 5 yana shan magani ba ya yaɗa cutar, alhali wanda bai sha ba na iya yaɗa ta har mako uku daga fara tarin. Likita na iya bai wa sauran mutanen gida maganin, musamman idan akwai jariri ko mai tsohon ciki.

A ƙasar Sin an sami yaɗuwar nau'in ƙwayar cutar da ba ya jin waɗannan magunguna, abin da ke damun masana a sauran ƙasashe.

Magungunan tari na kwalba da ake saye a kemis ba su da wani tasiri a kan tarin shiƙa, kuma ba a son a bai wa ƙananan yara. Cire belu wajen wanzami ma ba ya magani, domin ciwon a ƙasa yake, can cikin hanyoyin iska. Abin da yankan ke ƙarawa shi ne zubar jini da haɗarin shigar wata cutar. Zuma kan sanyaya maƙogwaron yaron da ya tasa, amma likitoci sun hana bai wa wanda bai kai shekara guda ba.

Abin da ke taimakawa a gida shi ne a riƙa ba da nono ko abinci kaɗan-kaɗan, akai-akai, musamman jim kaɗan bayan tarin ya lafa, a kuma nisanta yaron daga hayaƙi, har da na turaren wuta da maganin sauro.

Yadda aka samo allurar

An yi ta gwada allurai iri-iri tun bayan gano ƙwayar cutar, amma wadda aka fara tabbatar da ingancinta ta hanyar gwaji mai tsari ta fito ne daga hannun wasu mata biyu, Pearl Kendrick da Grace Eldering, ma'aikatan sashen lafiya na jihar Michigan a birnin Grand Rapids na Amurka.

Sun soma aikin a shekarar 1932, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Bayan sun tashi daga aikinsu na yau da kullum, sai su bi gidajen talakawa da dare, su sa yara masu ciwon su yi tari a kan wani faranti, su koma su shuka ƙwayar cutar. Sakamakon gwajinsu ya fito a shekarar 1939. Daga baya wata baƙar fata masaniyar kimiyya, Loney Gordon, ta taimaka wajen zaƙulo nau'in ƙwayar da ya fi dacewa da haɗa allurar.

A shekarun 1940 aka haɗa ta da allurar mashaƙo da ta tetanos, wato sarƙewar haƙora, suka zama allura guda da ake kira DPT.

Kafin allurar, Amurka kan sami masu cutar kimanin 200,000 a shekara, dubbai kuma su rasu. A shekarar 1976 adadin masu kamuwa ya sauko zuwa 1,010.

Hukumar WHO ta sa DPT cikin shirinta na faɗaɗa rigakafi da ta ƙaddamar a shekarar 1974, wanda Nijeriya ta rungume shi a ƙarshen shekarun 1970.

Ƙasashen da suka juya wa allurar baya

Mai karatu a arewacin Nijeriya, wanda ya ga yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar Kano daga shekarar 2003 zuwa 2004, na iya zaton cewa tsoron allura abu ne da ya keɓanta da wannan yanki. Tarihin tarin shiƙa ya nuna ba haka ba ne.

A Japan, a shekarar 1974, mutum 393 ne kawai suka kamu da cutar, ba wanda ya rasu. Sai aka sami jarirai biyu da suka rasu jim kaɗan bayan an yi musu allurar. Gwamnati ta dakatar da ita na ɗan lokaci a shekarar 1975, da aka dawo da ita kuma iyaye suka ƙi kai 'ya'yansu. Yawan yaran da ake yi wa ya faɗo daga kusan kashi 80 cikin ɗari zuwa kimanin kashi 10. A shekarar 1979 mutum fiye da 13,000 suka kamu, 41 suka rasu.

A Birtaniya, wasu likitoci a wani asibitin yara na London sun wallafa rahoto a shekarar 1974 a kan yara 36 da suka sami larurar ƙwaƙwalwa bayan allurar. Jaridu da talabijin suka ɗauka. Zuwa shekarar 1978 yawan yaran da ake yi wa ya sauko daga kashi 77 zuwa kimanin kashi 31. Tsakanin 1977 da 1979 aka yi annobar da ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe yara gommai.

Suwidin kuwa ta daina allurar baki ɗaya a shekarar 1979, saboda shakkar ingancin wadda take haɗawa da kuma tsoron illa. Cutar ta koma ruwan dare ga yaran ƙasar har zuwa 1996, lokacin da aka dawo da rigakafin.

Ya kamata a yi wa iyayen wancan lokaci adalci. Sun ga ɗansu lafiya lau, an yi masa allura, bayan kwana ɗaya ko biyu ya soma farfaɗiya. Ba abin mamaki ba ne su ɗora laifin a kan allurar. Sai dai watannin da ake yin allurar su ne kuma watannin da wasu larurorin ƙwaƙwalwa da ake haifar yaro da su ke fara bayyana, ko an yi allura ko ba a yi ba.

A shekarar 1988 wata babbar kotu a Ingila, bayan doguwar shari'a, ta yanke cewa ba a tabbatar allurar na haddasa lalacewar ƙwaƙwalwa ta dindindin ba. A shekarar 2006 kuma masana a Ostareliya suka binciki mutum 14 da aka ce allura ce ta jawo musu larurar, suka tarar 11 daga cikinsu na ɗauke da wata tawaya a ƙwayoyin halitta wadda ke haddasa wani nau'in farfaɗiya mai tsanani tun ana jarirai.

Allura iri biyu

Ruɗanin Japan ya haifar da sabon abu. Wani masani ɗan ƙasar, Yuji Sato, ya jagoranci haɗa allurar da ba ta ƙunshi ƙwayar cutar gaba ɗayanta ba, sai wasu 'yan sassa da aka tace daga jikinta. Japan ta soma amfani da ita a shekarar 1981, Amurka ta koma kanta gaba ɗaya a 1997, Birtaniya kuma a 2004.

Saboda haka a yau akwai iri biyu: tsohuwar, mai ɗauke da cikakkiyar ƙwayar cutar da aka kashe, da sabuwar, tatacciya.

Tatacciyar ba ta cika sa zazzaɓi da kumburi ba, amma ta fi tsada, kuma daga baya aka gane kariyarta ta fi saurin gushewa. Wani gwaji da aka yi a yankin Niakhar na Senegal a shekarun 1990 ya nuna tsohuwar ta fi ƙarfi. Wani kuma da aka yi a kan birai a Amurka, aka wallafa a ƙarshen 2013, ya nuna tatacciyar na hana ciwo, amma ba ta hana ƙwayar cutar zama a maƙogwaro ta wuce zuwa wani.

Ana ganin wannan na cikin dalilan da suka sa cutar ta sake ɗagowa a ƙasashe masu arziki. Jihar Kalifoniya ta yi asarar jarirai 10 a shekarar 2010, Amurka kuma ta sami masu cutar fiye da 48,000 a 2012. Bayan lafawar da aka samu lokacin kullen korona, cutar ta taso da ƙarfi a 2024: kusan mutum 15,000 a Ingila, tare da rasuwar aƙalla jarirai 10, fiye da 35,000 a Amurka, fiye da 400,000 a ƙasar Sin. Dama can tarin shiƙa kan yi tashe duk bayan shekara uku zuwa biyar.

A shekarar 2015 hukumar WHO ta shawarci ƙasashen da ke amfani da tsohuwar allurar su ci gaba da ita. Ita ce ake yi wa yara a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu. Wato wannan na cikin wuraren da ba za a ce an bar talaka da ragowa ba.

Jadawalin allurar

A asibitocin gwamnati na Nijeriya da Nijar, rigakafin tarin shiƙa na cikin allurar da ake kira Penta, mai kariya daga cututtuka biyar: mashaƙo, da sarƙewar haƙora, da tarin shiƙa, da ciwon hanta nau'in B, da kuma ƙwayar cutar Hib mai haddasa ciwon huhu da wani nau'in sanƙarau. Ghana ta soma ta a shekarar 2002, Nijar a 2008, Nijeriya kuma a 2012. Kyauta ake yi.

Ana yin ta a cinya sau uku: a mako na 6, da na 10, da na 14 bayan haihuwa.

Mako shida kwana 42 ke nan, wato kwana biyu bayan mai jego ta yi arba'in, lissafin da ba ya ɓace wa kowace mace. Wadda ta je wankan gida ba sai ta jira ta koma ɗakinta ba, duk asibitin da ke kusa za a yi mata, muddin ta riƙe katin.

Jinkiri a nan ba ƙaramin abu ba ne. A cewar WHO, allura ta farko kaɗai na rage haɗarin ciwo mai tsanani da kimanin rabi, ta biyu kuma ta kai shi kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Duk makon da aka ƙara kafin a soma, an ƙara shi ne a daidai lokacin da cutar ta fi kisa. Idan kuma an tsallake wata, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa.

Allurar na da 'yan illolinta, kuma ɓoye su ba ya amfanar kowa. Yara da yawa kan yi zazzaɓi, cinyar ta kumbura, su kwana suna rigima. Wannan kan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, ma'aikacin lafiya kuma na iya ba da farasitamol daidai nauyin yaron. Nadiran akan sami wanda zai yi kuka na sa'o'i uku ko fiye, ko zafin zazzaɓin ya sa shi jijjiga, ko jikinsa ya saki na ɗan lokaci. Irin wannan sai a koma asibiti, kuma yaran na warkewa.

Daren rigimar nan ne ke sa wasu magidanta su hana a koma ta biyu. Ma'aikacin lafiyar da ya yi allura bai gaya wa uwa abin da za ta gani ba, shi ma yana da nasa kason laifin.

Giɓin da ya rage

A duniya baki ɗaya, kimanin kashi 85 cikin ɗari na jarirai ne suka sami allurai ukun a shekarar 2024. Amma fiye da yara miliyan 14 ba su sami ko ɗaya ba. A alƙaluman 2023 Nijeriya ce ke kan gaba, da yara kimanin miliyan 2.1.

Wani binciken gida-gida da aka yi a ƙasar tsakanin 2016 da 2017 ya gano kashi 33 cikin ɗari na yara ne kawai suka kammala Penta. A Legas adadin ya kai kashi 80, a Sakkwato kuwa kashi 3. Wannan ne ya sa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa ta ayyana yanayin gaggawa kan rigakafi a 2017. Binciken 2021 ya nuna an ɗaga zuwa kashi 57.

Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022, wadda ta fi ƙamari a Kano, ta kuma taɓa Yobe da Katsina da yankin Damagaram na Nijar, ta fito da girman giɓin fili. Allura guda ce ke kare yaro daga mashaƙo da tarin shiƙa, don haka duk unguwar da mashaƙo ya sami wurin shiga, yaranta ba su da kariya daga tarin shiƙa ma. Bambancin shi ne mashaƙo ana ganinsa a maƙogwaro a ƙirga.

Akwai kuma makonni shidan farko, waɗanda allurar jariri ba ta kai gare su. A 2012, shekarar da jarirai 14 suka rasu, Birtaniya ta soma yi wa masu juna biyu tatacciyar allurar, domin garkuwar uwa ta ratsa ta mabiyiya zuwa ga ɗan da ke ciki. Binciken da ya biyo baya ya nuna hakan na kare jariri da kimanin kashi 90 cikin ɗari. Amurka da ƙasashe da dama na Latin Amurka ma na yin haka.

Allurar da aka saba yi wa masu ciki wajen awo a Nijeriya ta sarƙewar haƙora da mashaƙo ce, ba ta ƙunshi tarin shiƙa ba. Saboda haka kariyar sabon jariri a nan ta dogara ne a kan yayyensa su kasance sun kammala nasu alluran, a nisanta shi daga masu tari, a kuma kai shi ranar da ya cika mako shida.

Hukumar WHO na ba da shawarar a ƙara wa yaro allura ta huɗu, zai fi kyau a shekararsa ta biyu, abin da ƙasashen Afirka da dama suka daɗe ba su sa a jadawalinsu ba. A shekarar 2025 Senegal da Muritaniya suka soma amfani da sabuwar allura mai kariya daga cututtuka shida, wadda ta haɗa Penta da rigakafin shan inna a sirinji guda, da tallafin ƙawancen samar da rigakafi na Gavi.